Garin da Kika Yi wa Ƙawanya

Laraba, da hantsi. Ƙirjina yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, ƙafafuna sun kumbura, hannun dama kuma a ɗaure yake, shi ya sa rubutun yake tangaɗi.

Ya Kurciyata, uwar 'ya'yana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa, inuwar da nake fakewa tun ina da baƙin gashi! Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka tsaga biyu aka ce ya yi haƙuri.

Tun da babban ɗanmu ya ɗauke ki zuwa gidansa, wai ba ni da ƙarfin ɗaga ki yanzu da ɓarin jikinki ya shanye, bakina bai huta da sunanki ba. Shi ne Auta ta ja ni wurin wani likita da na girmi ubansa. A gabana ya ce mata da Turanci, kamar ni kujera ce, wai ina da obsession. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata gaban allo ina koyar da harshen nan!

Amma bai yi ƙarya ba, Kurciya. Asalin kalmar shi ne mayaƙa su yi wa gari ƙawanya, ba shiga ba fita. To, wane gari aka taɓa kewayewa kamar yadda kika kewaye ni? Kin rushe ganuwa, kin ƙone rumbuna, kin kafa tutarki a tsakiyar ƙirjina, kuma wallahi ni na buɗe miki ƙofa! Turawa suna da wata kalmar, fixation, ta abin da aka kafe ya ƙi motsi. Ƙusa ce ke a ƙoƙon kaina, duk mai son zare ki sai ya fasa ƙashi. Da rumination, wato tuƙa irin ta saniya. Haka nake dawo da maganganunki baki ina taunawa har dasashina ya yi jini. Na koya wa yara cewa Bature ba ya yabo da waɗannan kalmomi, yana faɗarsu ne ga abin da ya wuce kima ya zama cuta. Wa ya ba su mudun da suka auna ki da shi?

Kin tuna safiyar farko da hannunki ya ƙi ɗaguwa? Kika miƙo mini matsefi da ɗaya hannun, kika ce, "Malam, yau sai mu ga ko ilimin ya kai kan mace." Na koyi farawa daga bakin gashi, a hankali, ina kauce wa tabon nan na bayan kunnenki. Wa ke tsefe miki yanzu? Sun san da tabon?

A kan matsefin nan aka ji mini ciwo. Likita ya ce a kawar da duk abin da ke tuna mini ke. Auta ta same shi ƙarƙashin matashina, da furfurarki a haƙoransa. "Baba, don Allah ka sake, lafiyarka muke nema!" Ta ja, na ja, fatar hannuna ta yage kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Na ɗauki kofin shayi na maka wa bango. Ta fita tana kuka, 'yarmu, har yanzu kukan yana cina. Amma matsefin yana nan.

Sai yayanta ya zo da sharaɗi: "Baba, ka sha ƙwayoyin nan hankalinka ya kwanta, ni kuma ran Laraba bayan la'asar in kawo maka Mama." Na sha. Don in gan ki, ko garwashi ne zan haɗiye. Amma ki ji abin da suka yi mini: yau na farka, na wanke fuska, na buɗe taga, na tsaya ina kallon mai gyaran keke yana hura taya, ba ki faɗo mini a rai ba. Ba ki faɗo ba, Kurciya! Da na ankara sai na ji kamar na binne ki da hannuna. Na buga goshina a jikin taga. Wannan ce lafiyar? Garin da mayaƙa suka watse suka bari kango?

Ki zo, hasken idona. Ko bakinki ya karkace, ki ce wa ɗanmu da kanki nan ne ɗakinki. Ba zan iya ɗaga ki ba, gaskiya ne, amma zan iya zama kusa da ke har a ɗaga mu tare.

Naki, kamamme, wanda ba ya neman a sake shi,
Malaminki.

Bayan magariba. Ba ku zo ba. Motar da na ji ta maƙwabci ce. Shayin da na haɗa miki ya huce, na zubar, na bi shi da sauran ƙwayoyin cikin kwata. Ki dawo da rundunarki, ƙofa a buɗe take.