Saƙon Ƙarfe Ɗaya da Rabi

Baban Amira,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙar ba. Hakan bai dame ni ba, tunda yanzu ina shakkar ko ka taɓa karanta abin da nake rubuta maka kana raye.

Yau kwananka goma sha biyu da rasuwa. Ina cikin takaba. Amira ta koma makaranta, Hajiyarka ta koma Ibeto bayan sadakar bakwai. Gida lafiya, in ban da abin da ka bar mana.

Kwana uku shagonka na buga takardu yana rufe. Rana ta huɗu abokin aikinka Malam Yakubu ya buɗe, ya kunna kwamfuta. Ƙarfe ɗaya da rabi daidai, ina zaune cikin masu gaisuwa, wayata ta yi ƙara. Sunanka ne. Kana tambayata ko na ci abinci. Wayarka kuwa tana cikin durowa, ni na kashe ta da hannuna. Yayarka Rabi ta leƙo ta gani, ta rafka salati, ta ce a jefa wayar rijiya. Ranar Juma'a kuma dangi kaf suka samu barka da Juma'a daga gare ka, har da addu'ar Allah ya nuna mana ta gaba. Kawunka na Beri ya bugo yana tambaya wa muka binne.

Malam Yakubu ne ya ɗauko kwamfutar ya kawo gida. Ya tsaya a zaure, kansa a ƙasa, ya ce shi ya daɗe da sani, ya zaci ni ma na sani. Na kunna ta na zauna ina jira. Da lokaci ya yi, sai ga 'yar kibiyar nan tana tafiya a kan allo ba hannun kowa. Ta buɗe manhajar saƙo, ta nemo sunana, ta rubuta, ta aika, ta rufe. Na duba agogo, sakan tara. Ashe sau ɗaya ka zauna ka sa ta haddace motsin hannunka, ka yanka mata lokaci, ka kama harkar gabanka. Shekara shida ke nan.

Na ga jerin ayyukan da ka tsara mata. Share tsofaffin takardu, ƙarfe takwas. Adana aikin jama'a, sha biyu. Ni ce ta uku, daga ni sai tunin sayen tawada. "Madam rana" ka raɗa mini. Jimla shida ka rubuta, Litinin zuwa Asabar, kowace rana da tata, don kada in gane. Ni da na yi digiri a kan harshe, nake rage wa ɗalibai maki saboda maimaici. A ɗakin malamai har nuna wayar nake yi. Malama Hannatu ta taɓa yin sati ba ta yi wa mijinta magana ba saboda kai.

Da a nan abin ya tsaya, da na yi dariya. Amsoshina fa? Kullum sai na amsa. A nan na gaya maka an tsallake ni a ƙarin girma. A nan na fara gaya maka cikin nan na biyu ya zube, don bakina ya kasa faɗa. Da yamma ka dawo ka ce ka gani. Ka gani ɗin, ko fuskata ka karanta a bakin ƙofa? Sakan tara ne ba ka da su, Baban Amira?

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da aka kwantar da Amira a asibiti, kana zaune gefena, hannayenka biyu suna riƙe da nata ana ƙara mata ruwa, saƙonka ya shigo. Na kalle ka, na kalli wayar. Sannan na rubuta cewa na ci. Ni na zaɓi kada in sani. Wannan laifina ne, kuma shi ma haushinka nake ji a kansa.

Saƙon Juma'a na dangi tuni na goge. Nawa ne Amira ta roƙe ni in bari, wai ko ba komai sunanka yana fitowa. Na bari, kullum ina kunna kwamfutar kafin azahar ina cewa don ita nake yi, alhali tana makaranta. Jiya na kama kaina na rubuta rabin amsa.

Ɗazu na goge "Madam rana" daga jerin. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, ladabin da kai ba ka yi mini ba. Zan yi wa Amira bayani, ta yi fushinta. Yafiya kuma zan yafe maka kafin in fita takaba, amma ban yanka mata lokaci ba.

Gobe ƙarfe ɗaya da rabi wayata za ta yi shiru. Wannan shirun dai na tabbata daga gare ka yake.

Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta.

Matarka,
ta uku a jeri.