Ƙashin Hassana da Nonon Akuya

Daren Laraba, Zango, shekara ta biyu ta fari.

Yau na kai Hassana asibiti, 'yar'uwata da aka haife mu tagwaye, wadda ke zaune gidana tun rasuwar mijinta. Guga kawai ta ja a rijiya, wuyan hannunta ya karye.

Likita ɗan ƙasar Sin ya ɗaure hannun, sannan ya yi bayani ta bakin tafinta. Ƙashi tamkar katangar ƙasa yake, kullum yana zaizayewa, kullum jiki yana yi masa yaɓe. Idan mace ta daina al'ada, zaizayar takan fi yaɓen sauri, na namiji kuwa a hankali yake tafiya. Ko a ƙasarsu haka ne. Ya ce ta riƙa shan nono.

Kwatancen ya ƙayatar da ni, har na fara ƙulla masa baiti a hanya. Ban kai ƙarshensa ba na tuna akuya ɗaya ta rage mana, kuma a furata kaɗai ake zuba nononta, domin ni ne maigida.

Da magariba na miƙa mata ƙwaryar. Ta dube ni, ta ce, "Hassan, sai da baƙo ya faɗa maka?"

Ta shanye, ba ta rage mini ba.