Na Kankare Sunan 'Yata Daga Bencin Coci

Malama Piroska, don Allah ki agaza mini, baƙin ciki zai kashe ni.

Ni gwauruwa ce a wani ƙauye a bakin kogin Homorod, 'yar cocin Unitariya kaka da kakanni, Kiristocin da ba su yarda da aƙidar Allah uku cikin ɗaya ba. Kin san al'adarmu, kowace mace da wurinta a benci, uwa ta bar wa 'ya. Namu na uku ne daga gaba, sunayen mata biyar a sassaƙe a jikinsa. Marigayi mijina Domokos da hannunsa ya sassaƙa na shida, Emoke, 'yarmu tilo.

Bara ta auri wani ɗan Katolika, Kelemen. Yaron kirki ne, har rufin rumbuna ya gyara, ba zan yi masa ƙarya ba. Na ɗauka za a yi yadda aka saba, 'ya'ya maza su bi cocin uba, mata su bi na uwa. Ashe ita kanta ta koma cocinsu. Ta ce ba wanda ya tilasta ta, ta yi karatu, ta yi tunani, can zuciyarta ta kwanta. Wai tunani! Ni da na koya mata cewa Allah ɗaya ne tun ba ta iya riƙe cokali ba.

Ran nan na ɗauki wuƙar yankan burodi na shiga coci na kankare sunanta. Labari ya kai mata kafin yamma. Wata goma ke nan ba ta tako gidana ba. Kowace Lahadi hannuna sai ya kai kan wurin, katakon fari fat, ina waƙa ina haɗiyar kuka.

Yanzu ta haifi mace. Kelemen ya aiko cewa za a yi wa jaririyar baftisma a cocinsu Lahadi mai zuwa, ita ko kalma ba ta rubuto ba. In na je, na yarda zuriyarmu ta ƙare a bencin nan. In na ƙi, na san halinta, irin nawa ne, shi ke nan mun rabu. Yaya zan yi?

Uwa mai wuƙa

Uwa mai wuƙa, Yayata, na ji zafinki, kuma ba zan raina shi ba. Mata biyar sun riƙe wurin nan a zamanin da ake ƙwace mana coci, dole ki ji kamar a hannunki abin ya zube. Emoke ma ta yi kuskure da ba ta zauna da ke ba tun kafin ta yanke shawara.

Amma ki tuna mafarinmu. A taron majalisa na garin Torda, sama da shekara ɗari huɗu da suka wuce, abin da kakanninmu suka tsaya a kai shi ne bangaskiya baiwar Allah ce, ba a tilasta wa kowa. Ke kika koya wa yarinyar nan ta auna komai da hankalinta. Ta auna, sai dai ba inda kike so ta tsaya ba. Ranar da kika shiga da wuƙa, ke ce kika fi ta nisa da tafarkin iyayenmu.

Kada ki sa a sake sassaƙa sunan, ba ta roƙa ba. Ki gasa burodi da sabuwar alkama, ki shiga motar safe ranar Lahadin ki je wurinta. Kada ki jira gaisuwarta, ki fara ba ta haƙuri, kuma kada ki ɗaga maganar coci. Mai yiwuwa ta ɗaure fuska, ki jure.

Benci zai iya kwana ɗaya babu kowa, Yaya. Jaririyar nan kuwa ba ta da wata kaka ta wajen uwa sai ke. Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya raya ta.

Piroska