Jan Sarin Nani Ya Koɗe a Talabijin

Mausi Kamlesh, don girman Allah ki taimake ni kafin Lahadi, kaina ya ɗaure.

Wata biyu ke nan da bikina. Nani, kakata ta wajen uwa, ba ta samu zuwa ba saboda an yi mata aikin gwiwa, amma ta aiko min da sari, zanen nan namu na Indiya, wanda ita kanta ta yi aure da shi, ja wur, saƙar Banaras. Sai da ta sa na yi alkawari ba zan bi 'yan matan yanzu masu sa ruwan hoda ranar aure ba, don a wurinta amarya cikin kaya fari-fari takaba take kira wa kanta. Na kuwa sa shi, Mausi, duk nauyinsa, har gari ya waye kafaɗata na ciwo.

To, bidiyon biki ya iso. A wayata ja ne kamar barkono. Amma da mijina Nirbhay ya kunna shi ta 'yar na'urar kallon fina-finai da ya jona a talabijin ɗin falo, sai sarin ya fito a koɗe, ni kuma kamar wadda ta tashi daga jinya. Nirbhay ya ce bidiyon HDR ne, talabijin ɗin ne ya tsufa. Ashe a kunnen Babuji, surukina. Talabijin ɗin nan shi ya saya da ya yi ritaya, kullum a lulluɓe da ƙyalle mai ado, rimot ɗin har yau cikin ledarsa. Tun ranar uba da ɗa ta bakina suke magana, ko da shayi za a miƙa.

Nani na zuwa Lahadi, kuma ta ce ba za ta kalli bikin jikarta a waya kamar mai leƙen kafar makulli ba. In ta ga haka, cewa za ta yi na yaudare ta. Ba kuma faɗa za ta yi ba, shiru za ta yi, shi nake tsoro.

Amaryar da Ta Koɗe, Kanpur

'Yata, kwantar da hankalinki, sarin Nani lafiyarsa lau.

Mijinki ya faɗi gaskiya, amma rabi, kuma ya faɗe ta babu gishiri. Bidiyon HDR yana ɗauke da haske da launi masu zurfi. In na'ura ta tura shi ga talabijin ɗin da bai iya karanta shi ba, sai komai ya koɗe. Babuji ma da gaskiyarsa: talabijin ɗinsa bai lalace ba, abin da bai saba da shi ba aka ɗura masa.

Ku fara duba bayan talabijin. Wani lokaci a cikin kafofin jona na'ura, wato HDMI, guda ce kawai ke karɓar HDR, kuma sai an kunna mata cikakken launi a saiti. In ba a dace ba, ku shiga saitin na'urar ku kashe HDR, ta riƙa tura hoto irin na yau da kullum, wato SDR. Kuma tun yau ki kira mai ɗaukar bidiyon ya fitar miki da kwafin SDR. Wannan ya fi komai tabbas, aikin yini guda ne.

Amma kada Nirbhay ya taɓa rimot ɗin nan. Ki kai wa Babuji shayinsa, ki ce masa na'urar ɗansa ce ke rikici, ki roƙe shi ya danna maɓallan da hannunsa kina karanto masa. In ja ya dawo, shi ya gyara, kowa ya yi shiru da bakinsa.

Ranar Lahadi kuwa, ko an gyara ko ba a gyara ba, ki ɗaura sarin ki tari Nani da shi a bakin ƙofa, ki durƙusa ki taɓa ƙafafunta. Matar nan ba talabijin ta yi kewa ba, ke ce ba ta gani a cikin sarin ba.

Allah ya ba da zaman lafiya, ya ƙara wa Nani ƙarfin gwiwa.

Mausi Kamlesh