Kunnen Hagu na Kaka Zuwaira

Kai mai karatu, cinka mini: mece ce ke magana a Gusau a ji ta a 'Yandoto, ba ta cin batir, ba ta zafi, ga ta tana shiga aljihu?

'Yandoto, Tsafe

Zuwa ga jikana Mannir, maigidan da ya tsere ya bar ni,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, amin. Bayan haka, ka daina bugo waya. Ina ganin haskenta, in kara a kunne, shiru. Kunnen dama ya yi ritaya, na hagu ke lallaɓawa. Uwarka Asiya tana can Karakkai ta Bungudu, sai wata-wata take leƙo ni. Gidan daga ni sai akuya, ita ma motsin bakinta kawai nake gani. Ka zo in ji muryarka tun da sauran hagun. Ka ba Jatau direba amsa.

Amaryarka, Zuwaira

Gusau

Ranki ya daɗe Kaka,

Ina gaishe ki da girmamawa. Wallahi aikinki ne ya tsare ni. Kamfaninmu na ƙera na'urar ji, ni ke zana 'yar ƙwaƙwalwar cikinta a kwamfuta, cif muke ce mata, ba ta kai ƙwayar wake ba. In na sa ta tace murya tsaf da sauri, sai ta cinye batir kafin azahar, ta ɗau zafi. In na rage mata ci, murya ta makara, baki ya rufe kafin magana ta iso. In na faɗaɗa ta don a samu biyun, ba ta shiga kunne. Da na daidaita ukun zan taho. Allah ya ƙara lafiya.

Jikanki, Mannir

'Yandoto

Maigida,

Ina gaisuwa. Wato kai ma ciwon 'yan mata gare ka. Ina budurwa na rantse sai dogo, mai haƙuri, mai gona. Kakanka ya zo da biyu, amma sai ya taka turmi yake leƙa rumbu. Na saki tsawo, muka yi shekara arba'in da ɗaya. Kai ma saki ɗaya. In muryar ta makara, ni da na jira ka wata bakwai zan kasa jiran ƙiftawar ido? Jiya sai da na ga maza sun nufi masallaci na san an kira salla. Ka zo ko hannu sake, ka yi mini ihu a hagun. A huta lafiya.

Zuwaira

Gusau

Kaka,

Barka da war haka. Na bi shawararki, na saki sauri kaɗan, shugabana ya amince. Zane ya tafi masana'anta a ƙasar waje, sun ce wata biyar. Kunya nake ji in zo miki ba komai. Da hannuna zan sa miki ita, in Allah ya so.

Mannir

'Yandoto

Maigida,

Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Hagun ya bi ɗan'uwansa ranar Laraba. Likita a Tsafe ya rubuta mini a takarda cewa na'ura ba za ta tashe shi ba. In ta iso ka ba wata tsohuwar, amma kada ta fi ni kyau. Ni dai ka riƙa rubutu, da manyan baƙaƙe. Duk Juma'a ina bakin titi ina duban motar Jatau.

Taka har kullum, Zuwaira

Amsar kacici-kacicin ita ce wasiƙa. Sauri kaɗai ta rasa.