Takardar da Ka Ce Ka Kai

Zuwa ga Yayana Sa'idu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na fara da gaisuwa ne don haka Inna ta koya mana, ba don zuciyata ta huce ba. Wata bakwai ke nan da aka binne ka, kuma ɗazu na dawo daga ofishin ma'aikata da amsar ƙarshe a hannuna. Tunda ba ka nan balle in zo in tsaya maka a ƙofar gida, zan rubuta maka da ajamin da kai ka koya mini.

Ka san shekara goma sha ɗaya na yi a ƙaramin asibitin matan nan. Da tsintsiya na shiga, bayan rasuwar mijina. Tsohuwar ungozomar wurin ta ga ba na tsoron jini, ta ja ni jikinta, ta koya mini yadda ake karɓar haihuwa. Da idonta ya yi rauni, ni nake karɓa, ita tana zaune tana ba ni umarni. Yara nawa ne a unguwarmu ta Tandabawi a nan Makka da hannuna suka fara taɓawa? Biyu daga cikin naka suna ciki.

Sai aka kawo sabuwar mudira, wato shugabar asibitin, a shekarar da aka rushe gidajen da ke jikin Harami. Ranar farko ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tambayi wata ma'aikaciya, ba ni ba, wa ya ba Takruniya, baƙar fata, farar riga. Kafin mako ya zagayo ta mayar da ni wankin zannuwa. Ta ce matan manya ba sa son baƙin hannu ya zama shi ne farkon wanda zai taɓa musu jariri. A gabana ta faɗa, da Larabci, kamar ba a garin nan na yi wayo ba.

Na zo na gaya maka. Kana cin abinci, ko kai ba ka ɗaga ba, ka ce, “Maimuna, mai haƙuri yakan dafa dutse.” Na yi haƙurin. Wata biyar ina durƙushe a kan baho.

Abin da ya jawo aka kore ni, bayan azahar ya faru. Mudira ta tafi cin abinci, aka shigo da wata mata naƙuda ta ci ƙarfinta. Yarinyar da aka sa a gurbina ta tsaya ta rasa yadda za ta yi. Na wanke hannu na shiga. Yaron ya fito cibiya ta naɗe masa wuya, na warware, na hura masa iska har ya yi kuka. Uwar ta riƙe hannuna tana sa mini albarka. Washegari aka miƙo mini takardar sallama, wai na shiga ɗakin da ba a ba ni izini ba.

A ƙasan takardar an rubuta cewa wanda bai yarda da korarsa ba yana da wata guda ya kai ƙara ofishin ma'aikata. Na je wajen masu rubuta ma'arudi, wato takardar koke, waɗanda ke zama a bakin ofishin da ƙananan teburansu. Na zayyana wa ɗaya komai, har maganar baƙin hannu, na ce kada ya rage ko harafi. Na dangwala yatsa. Da na zo shiga, mai gadi ya ce mace ba ta shigar da ƙara sai da wakili namiji. Kai kaɗai ne namijin da ya rage mini. Ranar nan na taka har gidanka a unguwar Mansur cikin rana, na damƙa maka ambulan ɗin. A lokacin saura kwana ashirin da shida.

Ka karɓa ka sa a aljihun gaba, ka ce gobe da safe. Bayan kwana biyu na tambaye ka, ka ce, “Na kai.” Kalma biyu, Yaya, kana kallon idona.

Wata takwas ina zuwa gidanka ina tambaya. Yau ka ce hukuma ba ta gaggawa. Gobe ka ce shugaban ofishin ya tafi Jidda. Da azumi ka ce kowa ya san ba a aiki da azumi. Ni kuwa ina komawa gida ina gaya wa maƙwabta cewa maganata tana gaban hukuma. Har matan unguwa suka riƙa yi mini addu'ar nasara a kan takardar da ba ta taɓa fita daga ɗakinka ba.

Sai aikin Hajji ya zo, rana ta buge ka a Mina kana kafa wa alhazan ubangidanka tantuna. Na yi kukan da ban yi wa mijina ba. Wajen ta'aziyya ubangidan naka, mudawwafin nan mai kula da alhazai da ka yi wa bauta shekara ashirin, ya tsaya a bakin ƙofa yana yabonka da ƙarfi yadda mu mata za mu ji daga ciki. Ya ce, “Sa'idu mutum ne da ya san matsayinsa, bai taɓa jawo mana magana ba.” A lokacin na ɗauka yabo ne kawai.

Ka bar matarka Yalwa da ciki. Bayan wata huɗu ta haihu a hannuna, mace, muka sa mata sunan Inna. Da ta fita takaba muka buɗe akwatinka don a raba tufafinka. Can ƙasa, ƙarƙashin rigar da kake sawa ranar Idi, ga ambulan ɗina. Ko buɗe shi ba ka yi ba. Na ɗauko shi na nuna wa matarka. Yalwa ce ta gaya mini abin da ta sani: mai asibitin surukin ubangidanka ne, kuma an kira ka an ce in ƙanwarka ta kai ƙara, ka nemi wani wurin aiki, ka nemi wanda zai tsaya maka a kan takardar zama.

To, me ya hana ka gaya mini? Abin da ke ci mini rai ke nan. Da ka zo ka ce, Maimuna, 'ya'yana biyar, ba zan iya ba, wallahi da na karɓi takardata na nemi wani. Ko in yage ta da hannuna saboda kai, kuma da na yage ɗin. Amma ka zaɓar mini. Mudira ta raina ni don fatata, ita dai baƙuwa ce, ba ta san ni ba. Kai kuwa ciki ɗaya muka fito, fatarmu ɗaya, ka mayar da ni yarinyar da ake ruɗi da alewa.

Na roƙi maƙwabcinmu Malam Buba ya zama wakilina, muka je ofishin. Magatakardan ya duba ranar da ke kan takardar sallama, ya ƙirga da yatsu, ya turo mana ita. Ya ce lokaci ya wuce da kusan shekara. Ya ce hanya ɗaya ta rage, a nemi a sake duba maganar, amma sai da uzuri mai ƙarfi: ciwo, ko tafiya, ko ɗauri. Malam Buba ya ja ni gefe ya ce mu rubuta ciwo, a rufa wa mamaci asiri.

Kwana uku ina juya maganar. Daga ƙarshe na koma wajen mai rubutu na ce ya rubuta gaskiya: na ba wakilina takarda a cikin lokaci, ya ɓoye, ya ce ya kai. Ya tambayi sunan wakilin. Na faɗi sunanka da na Baba. Ina so ka sani daga bakina, sunanka yana nan a ofishin gwamnati a matsayin wanda ya ci amanar ƙanwarsa. Ban ji daɗi ba, amma ban yi nadama ba. Ƙarya ɗaya ta ishe mu a gidan nan.

Yau amsa ta fito, layi uku. Sakacin wakili sakacin wanda ya wakilta shi ne, an rufe magana, babu sake nema. Babu wanda ya karanta abin da mudira ta ce. Babu wanda zai taɓa tambayarta. Tana nan a kujerarta.

Ina fitowa daga ofishin, ƙafafuna suka kai ni gidanka ba tare da na yi niyya ba. Na tarar da jaririyar tana kuka, na ɗauke ta. Goshinka ne da ita sak. Sai na tuna hanyarmu ta zuwa ƙasar nan, tsakanin garuruwan Fasher da Ubayyid, lokacin da ƙafata ta kumbura, kana ɗan shekara goma sha huɗu ka goya ni kwana da kwanaki, kana ba ni rabon ruwanka kana cewa kai ba ka jin ƙishi. Ashe tun can ka iya yi mini ƙarya. Waccan ta raya ni. Ban san yadda zan haɗa wancan yaron da mutumin da ya sa takardata a ƙasan akwati ba. Na san dai tsoro ya daɗe yana cinka a garin nan, kai kaɗai, ba ka taɓa bari na gani ba.

'Ya'yanka ba za su kwana da yunwa ba ina raye. Matan unguwa suna kirana gidajensu in karɓi haihuwa, kuma ba wadda ta taɓa duba launin hannuna.

Allah ya gafarta maka abin da ke tsakaninka da Shi, ya yalwata kabarinka, ya haɗa ka da Inna da Baba a Aljanna. Abin da ke tsakanina da kai kuwa, Yaya, ban yafe ba tukuna, kuma ba zan ce maka na yafe ba alhali ban yafe ba. Abin da nake roƙo a kowace salla shi ne kada Allah ya ɗauki raina sai na iya.

Ƙanwarka,
Maimuna
Tandabawi, Makka