Rabi Uku Sun Zama Ɗaya

Laraba, bayan isha'i

Na ɗaga wa darekta murya a gaban ma'aikata, alhali ya girme ni. Wannan laifina ne, Allah Ya yafe mini. Amma ban janye maganata ba.

Yana so in sa hannu cewa sabon tsarin rahoto na ordinata, wato kwamfuta, ya isa a yi aiki da shi a dukan rassan kamfanin iri. Na gwada shi da jerin manoman Jiratawa. Muna da Rabi Abdu har uku, kowace da fegin albasarta. Tsarin ya ɗauka maimaici ne, ya share biyu. In aka bi shi, mata biyu ba su da iri bana. Jerin Tsibiri ma ban duba ba tukuna.

Ya ce, "Hajiya, ƙaramin abu ne, babban ofis na Yamai na jira."

Na ce, "To, kai ka je ka faɗa wa matan uku wacce ce Rabi a cikinsu."

Shin gaskiya nake karewa, ko girman kaina? Ban sani ba. Gobe zan ba shi haƙuri kan muryar kawai.

Na yi wa Allah alkawari ba zan shaida abin da ban tabbatar ba. Ban sa hannu ba. Na cika alkawarina.